Takarda Ta Bakwai a Igiya

"Abokinta ne fa, tare suke karatu. Wane irin fyaɗe kuma?"

"Rabu da ita, ɗan'uwa. Da ƙafarta ta je ɗakinsa, yanzu ta zo ta shanya mana kuka."

Samarin suka wuce suna dariya. Yaretzi tana zaune kusa da igiyar da ɗalibai mata suka ɗaura a harabar jami'a, inda kowace ke rataye takarda da sunan wanda ya keta mata haddi, ba tare da ta rubuta nata ba. Ta bakwai tata ce: Ulises Cuautle, ɗan ajin ƙarshe.

Sai ga wata mata gajera, sanye da rigar zuwa coci da ta sha guga har tana ƙyalli. Da gani baƙuwa ce, don har mai shara sai da ta rusuna ta gaishe shi. Hannayenta duk kanta, irin na mai kwaɓa ƙullun masara tun asuba, wataƙila da su aka kai yaro jami'a. Tana bin takardun da yatsa, leɓɓanta na motsi, tana haɗa baƙaƙe da ƙyar. A ta bakwai yatsan ya tsaya. Ta yi alamar gicciye, ta yi ɗage, ta miƙa hannu, bai kai ba. Girar matar mai kauri Yaretzi ta san ta, irin ta Ulises ce, ta taɓa ganin ta dab da fuskarta.

Matar ta juyo da murmushi mai taushi.

"'Yata, kin fi ni tsawo. Taimaka ki ciro min wannan, wata 'yar iska ce ke neman ɓata min yaro."