Geron da Inna Ta Binne

Ni ba mai fita ba ce. Kasuwar garin Isa ma sai an yi da gaske nake zuwa. Amma shekarar da fari ya tsananta a hayin Nijar, aka zo Sabon Birni ana neman mata masu iya damun kunu mai yawa don ciyar da yaran can, ba biya, sai lada. Maigidana ya ce in tafi, ko kunnuwansa sa huta da surutuna. Haka aka ɗora ni bayan mashin muka bi ta Burkusuma, ina rungume da ludayina.

An sauke ni gidan wata tsohuwa da nake kira Inna, ita da jikokinta biyu. Rumbunta wayam. In ban da kunun da muke rabawa, abincinsu 'ya'yan anza ne, da ake ta jiƙawa har ɗacin ya fita.

Wata rana ina shara na ga tulu a ƙarƙashin gadonta, an liƙe bakinsa da laka. Ta ce gero ne, gauraye da toka saboda ƙwari. Na dubi wuyan yaran nan, na roƙe ta mu daka ko rabi.

Ta ce, "Ɗiyata, iri na. In mun ci shi, mi za mu ba ƙasa ran da ruwa ya zo?"

Ashe ma binne take shirin yi, wato shuka a busasshiyar ƙasa tun sama ba ta nuna komai ba. Mu ma a Gobir muna yi, kuma na san haɗarinsa: in yayyafi ya sauka ya ɗauke, iri ya tsiro ya ƙone, shi ke nan. Maƙwabta suka ce ta jira. Ta ce masu 'ya'ya maza su ke jira, su gama gona ranar ruwa; ita ƙarfinta sai kaɗan-kaɗan.

Da na ga ba ta fasawa, na ce za ni tare da ita. In mun gama rabon kunu, ni ke saran rami da sungumi, ita tana zuba ƙwaya tana rufewa da diddige, kowane rami da bisimillarsa. Tun ina gunaguni har na koma amsa mata.

Yayyafin da nake tsoro kuwa ya zo, ya ɗauke. Na kasa cin abinci. Inna ta tona rami guda, ta ga ƙwayar a bushe, laima ba ta kai gare ta ba. Ta mayar, ta yi hamdala, ta tafi jiƙa anzarta.

Da ruwan gaske ya sauka, ba duka ya fito ba, amma ran da na komo gida na baro gonar kore shar. Bayan kaka wani mai kai kaya Nijar ya kawo mini zangarniya daga gare ta. Ban daka ba. Na sussuka, na gauraya da toka, na nemi tulu.