Ƙafar Hagun Kawu Tela

Kawu Tela ya shekara talatin da biyu a shago ɗaya, kan kujera ɗaya, har kujerar ta san shi. In wani ya zauna sai ta tunkuɗo shi. Shagona na kallon nasa, don haka abin da zan faɗa muku ba a bakin wani na ji ba. Mutum ne da ba ya yarda da komai sai ya auna. Ranar da aka haifi 'yarsa ta fari, kafin ya tambayi lafiyar uwar sai da ya zaro tef daga wuya.

Da tumbi ya fara shiga tsakaninsa da allura, ya sayi keken tsere siriri kamar mai jinya. Ya ɗinka wa kansa wani ɗamammen gajeren wando, wanda matarsa ta ce in dai da shi zai fita, to ya bi ta ƙofar baya. Sannan aka ɗaura masa wata 'yar na'ura a jikin feda, mai auna ƙarfin da ƙafa ke takawa, tana aika lamba zuwa ɗan allo a gaban keken.

Burinsa guda ne: ya shiga ƙungiyar masu keken Asabar, wadda Mai Kyamis ke shugabanta. Su kuma dokarsu, sai mutum ya riƙe lamba ɗari biyu har minti ashirin. Kawu ɗari da saba'in yake kaiwa.

Wata tara bai yi fashi ba. Talata, Alhamis, Lahadi, ko ruwan sama na tsuga kamar da bakin ƙwarya. In ka ce, "Kawu, an tashi lafiya?" sai ya ce, "Ɗari da saba'in." A littafin awo yake rubuta lambar, har wani bawan Allah ya zo karɓar wando ya tarar da ƙugun da zai ɗauke shi da iyalansa.

Ƙanin matarsa, makanike, shi ya gano cutar. Ya tsuguna ya leƙa fedar, ya ɗago yana dariya.

"Yaya, wannan abin ai ƙafar hagu kawai yake aunawa, sai ya ninka biyu."

"To ta daman fa?"

"Aikin Allah take yi maka."

Kawu ya naɗe wando ya duba. Ƙafar dama, wadda ta shekara talatin da biyu tana taka keken ɗinki, ta zama turmi. Ta hagu kuwa, da take zaune a gefe tana kallo, tsinken tsintsiya ya fi ta ƙiba.

"A mayar da shi dama mana."

"Ba ya hawa can. Sai dai ka mayar da ƙafar."

Washegari Kawu ya fara ɗinki da ƙafar hagu. Keken ɗinkin ya riƙa tafiya yana tsayawa kamar jaki mai gardama, ɗinki na fita a karkace. Hedimasta ya sa rigarsa, aljihun ya koma hammata. Kawu ya ce masa sabon yayi ne. A gida ma da hagu yake hawa matakala, da ita yake tura ƙofa. Matarsa ta ce, "Maigida, wai ita ta daman laifin me ta yi maka?" Ya ce ta ci zamaninta.

Bayan wata uku aka sa ranar gwaji, ni kuma na rufe shago na bi su, don irin wannan ba a bari a ba ka labari. Kawu ya hau. Hagu na dannawa da iya ƙarfinta, dama na bin ta a banza kamar 'yar rakiya. Keken na tangaɗi, gumi na zuba, amma tafiyar ba ta fi ta mai zuwa biyan tara ba. Wata tsohuwa da kwando a ka ta wuce shi, ta waiwayo ta ce, "Sannu, Allah ya ba da lafiya."

Minti ashirin suka cika. Allo ya nuna ɗari biyu da uku. Mai Kyamis ya goge tabarau, ya sake dubawa, ya kalli tsohuwar da ta kusa ɓacewa, ya ce doka doka ce. Aka karɓe shi.

Asabar ta farko, su goma sha huɗu suka nufi wani dogon tudu, ni kuma ina biye da su a babur. Ganin ana barinsa a baya, Kawu ya manta da kansa, ƙafar dama ta farka. Jama'a, na rantse ƙura kawai muka gani. Ya wuce su ɗaya bayan ɗaya kamar yana bin layin kalmasa.

Mai Kyamis ya iso saman tudun harshe a waje, ya tarar da Kawu zaune a bakin hanya, ya rafka tagumi, allo a hannu.

"Shugaba," in ji Kawu, "ɗari da sittin da takwas. Yau jikin ne babu ƙarfi. Don Allah kada ku kore ni, sati mai zuwa zan gyara."

Mai Kyamis ya buɗe baki, numfashi ya ƙi. Ya kwanta a ciyawa ya ɗaga hannu ɗaya, da ƙyar ya ce, "Kawu, ka zauna. Amma don girman Allah kada ka gyara."