Dakan Kaka da Hannun Hagu

Ɗazu ina zaune gaban kwamfuta a wurin aikina a Kalgo, sai wata 'yar ƙara ta sa gabana ya faɗi. Aikina shi ne rubuta manhajar da ke fitar da bugu mai maimaita kansa, tik, tik, tik, wanda muke gwada na'urar famfon noman rani da shi. Abu biyu kawai nake gaya mata: tsawon bugun, da tazarar da ke tsakaninsa da na gaba. To yau na kuskure lamba ɗaya, sai bugun ya fito yana ɗingishi, biyu a jere, shiru, sannan ɗaya. Wallahi sai da na dafe tebur. Na san wannan ɗingishin, tun ina yarinya na san shi.

A Gwandu na tashi. Gidan Kaka, mahaifiyar Innarmu, katanga ɗaya ce ta raba shi da namu. Da kakanmu ya rasu an yi juyin duniya ta dawo wurinmu, ta ce ita ba kayan ajiya ba ce. Tsohuwar nan akwai kafiya! Kullum hantsi bai gama fitowa ba za ka ji ta hau dakan geron fura. Kuma dakanta daban yake da na kowa a unguwa: bugu uku, ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe. Inna tana shara tana saurare. Ba ta aika kowa ya gano yadda Kaka ta kwana, turmin ne ke kawo mana labari.

Wata safiya da damina, an kwana ana ruwa, ƙasa tana ƙamshi, ina tsugunne ina wanke ƙwarya. Daka ya fara kamar kullum, ni dai haka kunnena ya ji. Sai na ga tsintsiyar Inna ta tsaya.

"Ke, mi kika ji?" ta tambaye ni.

Na ce, "Kaka ce ke daka."

"Ina tafin?"

Na kasa kunne. Biyu, shiru, ɗaya. Ba tafi. Inna ta yar da tsintsiya, ta fita ko mayafi babu, ni kuma na bi ta ina santsi cikin taɓo.

Muka tarar da Kaka ta jingina da turmi, taɓarya a hannun hagu, na dama ya saki kamar ba nata ba. Bakinta ya karkace. Geron ma rabi a ƙasa yake, kaji suna ta tsattsaga. Inna ta rungume ta tana salati, ta ce, "Don Allah mi ya hana ki kira mu?"

Da ƙyar maganar ta fito. "Don kar hankalinki ya tashi, ɗiyata."

Ka ji fa. Tun asuba ɓarin jikinta ya shanye, amma ta ja jiki har gindin turmi don mu ji daka mu ce lafiya lau. Likita ya ce da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Ta rayu shekaru bayan haka, a ɗakin Inna, tana mita, amma ba ta sake riƙe taɓarya ba.

Yanzu unguwarmu ba mai daka da safe, injin niƙa ya karɓe aikin. Inna ce ta kai shekarun Kaka, kuma kafiyar nan ta gaje ta tsaf. Na yi magiya ta dawo Kalgo, ta ce in bar ta da gidanta. Abin da ta yarda da shi ɗaya ne: bayan sallar asuba ta kira wayata, ta yi ƙara sau ɗaya, ta kashe. In na ji, in ce alhamdulillahi in shiga harkata.

Na gyara lambar nan, bugun ya koma daidai, ba gargada ko kaɗan. Shi ne fa ya ƙara tsorata ni. Ƙarar waya ma haka take, ba ta ɗingishi, ba ta da tafin da zai ɓace. Yau da asuba ta yi ƙara a kan lokacinta, amma ban san da wane hannu Inna ta danna ba.

Na rufe kwamfutar, na ɗauki mayafina, na nufi tasha.