Kibiyar Baqu a Shafi na Sha Huɗu

Baqu ta haura shekara sittin a ƙauyensu da ke gabas da garin Tsumkwe, a ƙasar Namibiya. Ta haifi bakwai, biyar suna raye. Saiwa iri arba'in da uku ta sani, kowace da inda ake tono ta, kuma ƙwayar itacen mongongo da take tsintowa a yini guda takan ci da gidanta kwana huɗu. Karatu ne ba ta yi ba.

Jikanta Kaqece, wanda ya koyo zane a Windhoek, babban birnin ƙasar, ya dawo da littafin yara da ya tsara a harshensu, shafi ashirin da huɗu, kan aikin maza da na mata. Makarantu shida ke jira. Saura kwana biyu mota ta kai shi wurin bugawa.

Baqu ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. A shafi na sha huɗu ta tsaya. Ga mafarauci ya banƙaro ƙirji, ƙafarsa a kan gwanki, mata sun yi layi suna miƙa masa kwano.

"Wannan kuma wane ne?"

"Mafarauci ne, Kaka, yana rabon nama."

"Da ƙafa a kan abinci? Kai ɗan birni, a ina aka binne cibiyarka?"

"Haba tsohuwa, lokaci ya ƙure. Yara ba za su lura ba."

"Shi ne abin tsoron. Su girma suna zaton haka muke, 'yan matanmu su koyi miƙa kwano."

Kaqece ya yi dariya, ya mayar da takardunsa jaka.

Washegari da hantsi Debe, ɗan ƙanen Baqu, ya dawo daga farauta ya zauna shiru. Da aka matsa masa ya ce, "Wani ɗan ramammen abu na taɓa, ban san ko ya isa miya ba." Nan kowa ya gane babba ne, don a al'adarsu mafarauci ba ya yabon abin da ya harbo. Maza takwas suka ɗauko naman, ƙaton gwanki, suna tafe suna masa tsiya: "Debe, don waɗannan ƙasusuwan ka taso mu cikin rana?"

Baqu ta kamo hannun jikanta. "Zauna nan, buɗe idonka."

Aka ciro kan kibiyar daga haƙarƙarin gwankin, aka duba. Tsaga uku: alamar Baqu. Ita ta sa ta a kwarin Debe tun bara, kuma a wurinsu mai kibiya shi ke da nama, ko waye ya harba. Aka miƙa mata wuƙa. Ta kasa naman kashi goma sha ɗaya, tana kiran gidaje da suna. Debe ya karɓi nasa a na biyar, a tsugune.

Kaqece bai tsaya cin nama ba. Sau uku yana zana shafin, da kakarsa tana rabon nama, kafin Baqu ta gyaɗa kai, ta ce, "Hancin ba nawa ba ne, amma wuƙar tana hannun da ya dace."

Mota ta tashi da sabon zanen. Bayan wata huɗu littafi ɗari uku suka iso makarantun. Kafin damina ta wuce, 'yan mata tara a ƙauyen sun sa alamarsu a kibiya, sun kai wa kawunnansu mafarauta, biyu daga ciki har sun raba nama.