Maman Lawali, Wanda Ya Fito Da Ni Daga Ɗaki

Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za a tattara mu. Ranar Talata, 9 ga watan Satumba 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Maman Lawali na Sabon Gari, Maraɗi, bayan zazzaɓi na 'yan kwanaki. Bai cika shekara arba'in ba. Ina gonata a Jiratawa ina yankan zogale ɗiyata Nafisa ta kira ni a waya. Da ta faɗa mini, sai na zauna a bakin magudanar ruwa ina ta waige-waige. Lawali, tsoron nan da ka sha wahalar raba ni da shi, ashe bai mance hanyar gidana ba.

Ni ne Abdulmutallib, wanda kake kira Baba Mutallabi. Saboda waɗanda ba su san labarina ba, shekara uku ke nan 'yan bindiga a kan moto, wato babur, suka tare mu a hanyar wata kasuwa ta bakin iyaka, suka shige da mu daji. Na yi watanni a hannunsu. Abin da na gani can ba na rubutu ba ne. Allah Ya kuɓutar da ni na dawo gida, amma jikina kaɗai ya dawo. Na shige ɗaki na rufe ƙofa. A Maraɗi kuwa, garin da 'yan kabu-kabu masu haya da moto ba su yankewa, duk ƙarar moto da ta gifta sai in ji kamar ni aka zo ɗauka. Ko masallacin unguwa na kasa zuwa. Likita ya ba ni magani, barci ya ɗan samu, amma ƙafata ta ƙi tsallake dokin ƙofa. Shi ne ya ce wa matata Ramatu akwai wani yaro da suke aiki tare, zai turo shi.

Ka shigo da sallama, ka zauna a ƙasa nesa da ni. Ba ka tambaye ni komai game da daji ba. Ka ciro katakon dara daga jaka, ka raba tsinkaye da tsakuwa, ka ce, "Baba, an ce mini a Jiratawa ba mai cin ka. Ni kuma ban yarda ba." Ka yi ta wasa kai kaɗai, kana jefa 'ya'yan ta ko'ina, har raina ya kasa daurewa na ce, "Kai yaro, wa ya koya maka wannan ɓarna?" Ramatu ta ce wannan ce magana mafi tsawo da ta ji daga bakina tun dawowata.

Daga baya na gane ba a banza kake yin komai ba. Kullum in ka zo sai ka ɗan matsar da katakon. Yau kusa da ƙofa, wani zuwan tsakar gida, har muka kai zaure. A zaure ne moto ta wuce da gudu, na watsar da wasan na dunƙule a lungu, ni da furfurata. Ba ka taɓa ni ba, ba ka ce in yi haƙuri ba. Ka tsince tsakuwar ɗaya bayan ɗaya, ka mayar da kowace gurbinta kamar yadda take, ka ce, "Ba ka yi wasanka ba, Baba. Ina jira." Ka jira har numfashina ya daidaita.

Wata rana na tambaye ka ina ka samo wannan dabara. Ka yi dariya, ka ce a jami'a, can ƙasar waje, inda ka yi lisans, wato digirin farko, a kan yadda ake jinya da wasa da nishaɗi. Ka ce an karantar da ku jikin ɗan Adam da halin zuciyarsa, da yadda kiɗa, motsa jiki, aikin lambu ko wasa ke tayar da wanda cuta ko firgici ya kayar, da yadda ake auna abin da mutum zai iya ɗauka kada a ɗora masa fiye da ƙarfinsa. Ka ce lokacin da ka tafi, mutanen unguwa cewa suka yi an tura yaro ya koyo wasa alhali 'ya'yan wasu na karatun likita. Abokan karatunka sun kama aiki a manyan otal-otal, da wuraren shaƙatawa, da cibiyoyin wasanni, kai ma an kira ka Yamai kan albashi mai tsoka. Ba ka taɓa kushe aikinsu ba, ka ce hutawar masu lafiya ma abin nema ce. Amma kai gida ka zaɓa.

Ba ni mance ranar da ka mai da ni gonata. Ka faɗa mini tun da wuri cewa a bayan moto ɗinka za mu tafi, kuma duk inda na ce tsaya za ka tsaya. Tsakanin Maraɗi da Jiratawa na tsayar da kai ban san sau nawa ba. Na riƙe rigarka har ta yage a kafaɗa. Da muka isa, na ga ruwa yana bin kunyoyi, na ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai na durƙusa na fashe da kuka. Ka koma gefe kana hira da maƙwabtan gona don kada su zuba mini ido.

Ba ni kaɗai ba ne. Duk Alhamis kana tara mu ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya a Tibiri, mu da daji ya taɓa da waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye. Akwai tsoho Maidawa, wanda ke bin addinin kakanninsa, makaɗi ne da hannunsa na dama ya mutu. Ka naɗe sandar kiɗan gangarsa da tsumma har ta yi kaurin da yatsunsa za su iya riƙewa. Ranar da ya fidda sauti na farko, tsofaffi muka yi ta sowa kamar yara. Ba ka taɓa bambanta shi da mu ba. Ranar jana'izarka ya tsaya daga nesa da sandarsa har aka gama, da na je wurinsa ya kama hannuna ya ce, "Mutallabi, yanzu wa za ya tara mu?"

Tambayar nan ce ke hana ni sukuni. Tun rasuwarka na koma zabura in na ji moto. Na fara jin ɗaki yana kirana, kuma na san irin kiran. Nafisa, da ta ga abin da ka yi mini, ta ce karatunka za ta yi. Kai ka nuna mata hanya bayan ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, yanzu tana shekarar farko. Amma kafin ta gama, mutane nawa za a sako daga daji su shige ɗaki? Iya sanina, kai kaɗai muke da shi a wannan aiki.

Bayan sadakar bakwai, wata mata ta yi sallama a gidana. Mijinta Tanko bai daɗe da kuɓuta ba, kuma ka fara zuwa wurinsa kafin ka kwanta ciwo. Ta ce, "Baba, tun da ya ji labarin ya daina cin abinci. Marigayi ya taɓa ce masa akwai wani dattijo da ya bi ta inda ya bi. Don Allah ka zo." Ni ban yi karatunka ba, ban san iyakar da ake tsayawa ba, ina tsoron in je gyara in ƙara ɓatawa. Ina kuma tsoron in kalli idonsa in ga dajin da na baro. Na je na shawarci likita, ya ce in je in zauna da shi kawai, sauran shi zai kula. Na ɗaukar wa matar alkawarin ranar Asabar.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Maman Lawali, Ka yafe kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa. Yadda ya kwantar da hankalin firgitattu a duniya, Ka amintar da shi daga firgicin kabari da na ranar tsayuwa. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarsa Hajiya Atika, da matarsa Tsahara, da 'yar ƙaramar ɗiyarsa Hidaya, da 'yan uwa na Sabon Gari, da mutanen ƙarƙashin darbejiya. Allah Ya ba ku haƙurin da ya fi ƙarfin rashin, Ya raya Hidaya a kan halin ubanta.

Ku da kuka karanta wannan, in kun yi masa addu'a ku saka Tanko a ciki, ku saka ni. Asabar ta matso, tsoron kuwa bai sake ni ba. Amma da yardar Allah zan je.