Baba Ya Tafi Da Kofinmu

Muna ɗaga kofi makon jiya a Daura, sai na hango Baba a bakin fili, ya zo takanas daga Sandamu. Gabana ya faɗi. Magini ne, kuma tun da na zama kocin ƙwallon raga a kwalejinmu yake cewa wasa ba sana'a ba ce.

Ya kama hannuna ya ce, "Kai, yadda yaran nan suke cilla wa juna ƙwallo sama, ba haka kake cillo min tubali ina kan katanga ba?"

Na ce, "Haka ne, Baba."

Ya karɓe kofin ya rungume. "To ai nawa ne."

Wallahi har yanzu yana ɗakinsa, kwaleji sai kira take. Jama'a, wa zai raka ni karɓowa?