Motar da Aka Ɗaga a Bayan Idona

Motar ba sabuwa ba ce, gara in faɗi wannan tun farko. 'Yar Beljiyam ce mai ƙofa biyu, ja, irin motocin gudun nan da ke kwance dab da ƙasa, idan ka zauna a ciki sai ka ji kamar a kan tabarma kake. Na saye ta bayan na gama bautar ƙasa na samu aiki a sakatariya a Jalingo. Makarantar da na yi, da fannin da na karanta, har da aikin, duk Hamma ne ya zaɓa mini, wato babban yayanmu da ke riƙe da gidanmu na unguwar Turaki tun rasuwar mahaifinmu. Motar nan kaɗai ce, in ban manta wani abu ba, na zaɓa da kaina.

A daminarta ta biyu a hannuna ƙasanta ya fara ƙara. Shakazobobin sun mutu. In na hau tudun rage gudu sai bayanta ya yi ta lilo kamar kwalekwale, a kwana kuma ta kwanta gefe guda. Ni mutum ne mai tsoron kuskure, don haka na daɗe ina karatu da kallon bidiyo kafin in yanke shawara. A ƙarshe na yi odar shakazoba da sifirin daga Legas, masu ɗan tauri, waɗanda za su riƙe ta a kwalta su bar ta a ƙasa yadda aka ƙera ta.

Ban ɓoye wa Hamma komai ba. Na zauna kusa da shi na nuna masa a waya, yana gyaɗa kai.

"Ka yi abin da ka ga ya dace," in ji shi. "Ai kai ne ɗan boko."

Shi ya raka ni tasha muka ɗauko kwalin, yana riƙe da gefe ɗaya ina riƙe da ɗaya. Shi kuma ya kai ni wurin bakaniken da ke gyara masa a-kori-kurar da yake zuwa gonar shinkafarsa ta Lau da ita. A lokacin injin a-kori-kurar ya buga tana ajiye, amma ban kawo komai a raina ba.

Na yi wa bakaniken bayani, na maimaita, har ya fara dariya.

"Oga, na ji. A sa shi yadda ya zo, ba ƙari ba ragi."

Sai ofis suka tura ni aiki garin Mutum Biyu na 'yan kwanaki. Da na dawo ko gida ban biya ba, na wuce gareji. Na wuce motar ban gane ta ba, sai da na juyo. Ta yi tsayi. Tsakanin taya da bodi kaina ma zai iya shiga. Tana tsaye kamar matar da ta tattare zane za ta tsallake rafi.

Bakaniken ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu, fuskarsa cike da murna.

"Ka gan shi? Yanzu ko Lau ya je, ba abin da zai taɓa cikinsa."

Ya ja ni na durƙusa. An yanke sababbin shakazobobin daga ƙasa, an yi musu walda da guntun bututun ƙarfe don su ƙara tsawo. Tsakanin zagayen sifirin an cusa yankakkiyar robar taya. Ɗaya daga cikin na gaba har ya fara zubar da mai, ina jin zafin waldar ne ya ƙone robar cikinsa.

"Wa ya ce a yi haka?"

"Hamma naka mana. Washegari ya zo."

"Amma motata ce. Ni na yi maka bayani."

"Haba Oga. Babba ya zo ya yi magana, ni zan ce masa sai ƙaninka ya dawo? Ko a gidanku ana yin haka?"

Na miƙe tsaye. A garejinmu na nan, wanda ya kawo ka wurin bakanike shi ke da magana, balle in babba ne. Na san da wannan. Abin da na ɗauka shi ne, tunda Hamma ya amince a gabana, maganarsa da tawa ɗaya ce.

Na tambaya ko za a iya mayar da su yadda suke.

"An yanke, an yi walda. Sai dai sabo, Oga."

Da na buɗe ƙofa na ga ƙaiƙayin shinkafa a kujerar baya, taɓo kuma ya bushe a tabarmar direba. Ashe har ta je Lau ta dawo.

Na samu Hamma a benci a ƙofar gida bayan la'asar. A hanya na shirya magana mai tsawo, da na gaishe shi duk ta watse.

"Ka gan ta?" ya ce. "Yanzu ta zama mota."

"Hamma, ai na nuna maka abin da nake so. Ka ce in yi."

"Ka nuna mini, na gani. Da na ce a'a, da ka yi ta kawo mini Turanci har magariba. Mota a gida tana jan ciki kamar ƙadangare, ni ina neman abin hawa zuwa gona?"

"Wato tun ranar da muka ɗauko kwalin ka san haka za a yi?"

"Tun kafin nan."

Bai ɗaga murya ba, bai kuma kawar da ido ba. Wataƙila a wurinsa ba laifi ya yi ba, ban sani ba. Da ya ce in ba shi aron ta, ko ya ce in sayar in sayi wadda za ta je gona, ina kyautata zaton da na yi. Amma gyaɗa kan nan da ya yi ta yi, shi ne har yau ya tsaya mini a wuya.

Makullin motar na biyu yana hannunsa tun ranar da na saye ta. Na ji bakina yana cewa, har da kalmar roƙon nan ta Fulatanci, "Useni, Hamma, ka ba ni makullin."

Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya zaro shi daga cikin sauran makullansa a hankali, bai miƙo mini ba, ya ajiye a kan benci, ya tashi ya shige gida.

Muna gaisawa safe da yamma. Yana hawa motar haya zuwa Lau, bai sake yi mini zancen mota ba. Ni kuma ina lallaɓa ta zuwa ofis a tsayenta, tana rangaji a kowane shataletale. Ban sake yin odar wasu ba. Ban san garejin da zan kai ta ba wanda bai san Hamma ba.